Daga Filin Wasa Zuwa Alƙalami: Labarin Learie Constantine

A Malam Madori, kamar sauran garuruwan ƙasar Haɗejiya, da rana ta yi sanyi sai samari su cika fili suna buga ƙwallo, waɗansu da takalmi, waɗansu ba takalmi. In ka tsai da yaro ka tambaye shi abin da yake so ya zama, sau da yawa sunan wani ɗan wasan Turai zai ambata maka. Iyaye kuwa sun kasu biyu a kan wannan al'amari. Waɗansu suna ganin wasa shashanci ne, maganinsa bulala. Waɗansu kuma sun sa ido ga kuɗin da yaron zai aiko in ya yi suna, har sun daina tambayarsa labarin makaranta. Akwai tambaya guda wadda ba a cika yinta ba: ran da gwiwa ta ƙi fa? Gama ɗan wasa yakan tsufa tun yana da shekara 35, lokacin da manomi da malamin makaranta suke tsakiyar ƙarfinsu.

Saboda haka a wannan wata mun kawo muku labarin wani baƙar fata, jikan bayi, wanda ya yi suna a filayen wasa na ƙasar Ingila, da ƙarfinsa ya ragu kuma ya koma ga jarida da rediyo da aikin lauya. Sunansa Learie Constantine. Wasan da ya ƙware a ciki shi ne kurket.

Mene ne kurket?

Da yake yawancinmu ba mu taɓa ganin wasan ba, bari mu ɗan bayyana shi. Kowane gefe mutum 11 ne. Akan kafa sanduna uku a tsaye a wuri ɗaya, waɗansu uku kuma a nesa da su yadi 22. Mai jifa yakan sheƙo a guje ya wurga ƙwallon, wanda ke da tauri kamar dutse, da nufin ya kā da sandunan. Mai bugu kuwa yana tsaye gabansu da faffaɗar sanda ta katako yana tsaronsu. In ya maka ƙwallon ya yi nisa, sai shi da abokinsa su yi ta gudu tsakanin sandunan, kowane zuwa a lasafta musu gudu ɗaya. In sandunan suka faɗi, ko wani ya cafe ƙwallon a sama, mai bugu ya fita ke nan, wani ya shigo. Wanda ya tara gudu 100 shi kaɗai kafin a fitar da shi ya yi abin yabo ƙwarai. A Ingila kowane babban lardi yana da ƙungiyarsa, kamar su Middlesex da Lancashire, wasansu ɗaya kuma yakan ci kwanaki.

Wasan ba baƙo ba ne sarai a ƙasar Hausa. Turawan da suka koyar a Kwalejin Katsina sun kawo shi, 'yan makarantar kuwa sun buga shi a zamanin da Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Balewa suke karatu a can. Bai yaɗu cikin gari kamar ƙwallon ƙafa ba, amma bai mutu a Nijeriya ba. A watan Janairu 2025 'yan matan Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka ci New Zealand a gasar duniya da aka yi a ƙasar Malesiya.

Gidan da ya fito

An haifi Learie ran 21 ga Satumba 1901 a wani ƙauye mai suna Petit Valley cikin tsibirin Trinidad, can kusa da Amurka ta Kudu. Tsibirin yana hannun Ingila a lokacin, kamar yadda ƙasarmu take. Kakanninsa daga Afirka aka kwashe su zamanin cinikin bayi. Ubansa, Lebrun Constantine, mai duba ma'aikata ne a gonar koko, shi ma gwanin kurket ne. Ya je Ingila wasa a 1900 da 1906 tare da ƙungiyar West Indies, watau haɗaɗɗiyar ƙungiyar tsibiran nan, shi ne kuma na fari a cikinsu da ya tara gudu 100 a ƙasar Ingila. Kawun Learie, Victor Pascall, shi ma sanannen mai jifa ne. Gidan duka sukan taru su yi ta gwaji, uba da kawu suna lura da yara. Abin da Lebrun ya fi matsa musu a kai shi ne cafe ƙwallo, aikin da yawancin yara ba su so domin ba a cika tafa wa mai yinsa ba. Daga baya aka shaidi Learie a kan yana cikin gwanayen cafe da aka taɓa yi a wasan.

To, ga abin da muke so iyaye su lura da shi. Uban nan da ya koya wa ɗansa wasa da hannunsa, shi ne kuma ya dakatar da shi daga wasan gasa na waɗansu shekaru, domin ya fara kama sana'a tukuna. Learie ya bar makarantar mishan ta Katolika a 1917, ya shiga aikin akawu a ofishin lauya a birnin Port of Spain. Nan ya fara sha'awar zama lauya. Amma a Trinidad ta wancan zamani baƙar fata ba ya wuce wani matsayi a ofis, kome ƙoƙarinsa. Ya je Ingila wasa a 1923, ya komo da yabo mai yawa, aljihu kuwa wayam, aikin yi ma sai na wucin gadi. A 1927 ya auri Norma Cox, a 1928 aka haifa musu 'ya, Gloria. Yanzu ga mata ga 'ya, yabo kuwa ba ya cika tukunya.

Da aka sake zaɓensa zuwa Ingila a 1928, ya tafi da niyya ɗaya: ya yi wasan da zai sa wata ƙungiyar Ingila ta ɗauke shi da albashi, ya sami abin riƙe iyali da abin karatu. A watan Yuni suka gamu da lardin Middlesex a filin Lord's na Landan, filin da ya fi kowane daraja a wasan. Yana fama da ciwon tsoka, duk da haka ya shiga. Ƙungiyarsa tana cikin wahala sa'ad da ya karɓi sanda, ya tara gudu 86 cikin ƙasa da awa guda. Da aka juya, ya fitar da mutum 7 daga cikin masu bugun Middlesex, gudu 57 kaɗai suka samu a hannunsa. A zagaye na ƙarshe, an riga an fid da rai, ya sake tara 103 cikin awa guda, West Indies ta ci. Wannan wasa ɗaya ya canja rayuwarsa. Ba da jimawa ba ƙungiyar wani ƙaramin gari mai suna Nelson, cikin lardin Lancashire, ta aiko masa da takardar ɗaukar aiki.

Baƙo a garin masaƙa

Ya fara wasa a Nelson a 1929, shekara guda kafin hanyar jirgin ƙasa da ta ratsa Malam Madori ta kai Nguru. Nelson garin masaƙa ne, abincin mutanensa duka a kan auduga yake. Masu karatu na wajen Funtuwa da Zariya za su tuna cewa audugar da kamfanin BCGA ya riƙa saye yana gurzawa a ƙasarmu, masaƙun Lancashire ɗin nan ne dalilin kafa shi. Mutanen Nelson sun san kayan ƙasashen baƙar fata, amma yawancinsu ba su taɓa zama maƙwabtan baƙar fata ba. Da fari iyalin sun sha kallo, sun sha maganganu marasa daɗi. Suka daure, suka zauna.

Shekarun nan na tsananin talauci ne, masaƙu da yawa sun rufe, magidanta suna zaune ba aiki. Ran Asabar da yamma sai su tafi fili su ga Constantine, su manta da damuwa na 'yan sa'o'i. Ko'ina Nelson ta je wasa sai fili ya cika, har ƙungiyoyin da suke hamayya da ita suka riƙa samun kuɗin ƙofa ta dalilinsa. Cikin shekara 9 da ya yi musu wasa, daga 1929 zuwa 1937, sun ci kofin yankinsu sau 7. A 1934 ya fitar da dukan masu bugun Accrington su 10, gudu 10 tak suka samu a hannunsa. Albashinsa yana cikin mafi tsoka na 'yan wasan Ingila a lokacin. Garin da ya karɓe shi da kallo ya zama garinsa, ya zauna a ciki shekara 20.

Irin wannan wasa sau ɗaya ko biyu ake yinsa a mako, saboda haka yana da sauran kwanaki a hannunsa. A nan ne samari da yawa sukan lalace, ga kuɗi, ga suna, ga zaman banza. Shi kuwa ya riƙa zagayawa yana ba da lacca a kan ƙasarsa da mutanenta. A 1932 ya saukar da wani ɗan ƙasarsu a gidansa, malamin makaranta mai suna C. L. R. James, ya ci da shi, ya kuma taimaka masa da kuɗin buga littafi. James ya taya shi rubuta littafinsa na fari, Cricket and I, wanda ya fito a 1933. James kansa ya sami aikin rubuta labarin kurket a jaridar Manchester Guardian, daga baya ya zama mashahurin marubuci. Alheri gadon barci ne, in ji Hausawa: baƙon da ya saukar shi ne ya sa masa alƙalami a hannu.

Ya buga wa West Indies manyan wasanni na ƙasa da ƙasa guda 18, na ƙarshe a 1939. Daga nan yaƙin duniya na biyu ya tashi. Yana iya kwashe iyalinsa ya koma gida, amma ya zauna. Ma'aikatar ƙwadago ta Ingila ta ɗauke shi ya lura da mutanen West Indies da aka kawo aiki a masana'antun wajen Liverpool: masauki, albashi, da rigingimun da sukan tashi tsakaninsu da Turawan da ba su son aiki tare da baƙar fata. Ya fi son sulhu da lallashi, sau da yawa kuma sunan da ya yi a fili shi ke buɗe masa ƙofar manyan kamfani. A lokacin ne BBC ta fara gayyatarsa yin magana a rediyo, zuwa ga mutanen tsibiransu da kuma mutanen Ingila kansu.

Fam biyar da sule biyar

A ƙarshen Yuli 1943 ya zo Landan da matarsa da 'yarsa domin wasan taimako a filin Lord's. Ya riga ya kama ɗaki na kwana 4 a Imperial Hotel, an kuma tabbatar masa launin fatarsa ba zai zama abin magana ba. Da suka iso sai aka ce kwana ɗaya kaɗai za su yi, wai sojojin Amurka da suke sauke a wurin ba za su so ganinsu ba. Matar da ke shugabancin wurin ta kira su da sunan wulakanci. Wani Bature, shugabansa a ma'aikata, ya zo ya yi magana, ya bayyana ko wane ne wannan mutum da irin aikin da yake yi wa gwamnati, aka ƙi ji. Suka kwashe kayansu suka koma wani masauki.

Ku duba wannan al'amari da kyau. Ga mutum wanda dubban Turawa za su biya kuɗi su tafa masa a fili, amma ba a yarda ya kwana ƙarƙashin rufi ɗaya da su ba, a gaban matarsa da 'yarsa 'yar shekara 15. Tafi bai saya masa mutunci ba.

Bai yi zagi ba, bai ta da hannu ba, bai kuma haɗiye abin ya yi shiru ba. Ya kai ƙara kotu. A lokacin babu dokar da ta hana wariyar launi a Ingila. Amma akwai wata tsohuwar doka wadda ta ce mai masaukin matafiya ba shi da ikon korar baƙo in akwai ɗaki, in kuma baƙon bai yi wani laifi ba. Fatake na dā za su gane wannan, gama fatoman da ya kori baƙo ba dalili ya ɓata sunansa a zango duka. A kan wannan doka lauyoyinsa suka tsaya. A watan Yuni 1944 alƙali Birkett ya yanke hukunci cewa Constantine ne mai gaskiya. Diyyar da doka ta yarda a ba shi kaɗan ce, fam 5 da sule 5. Dattawan da suka san kuɗin kafin naira sun san wannan ba wata dukiya ba ce ga mai albashi irin nasa. Amma jaridu sun buga labarin, an yi maganarsa a majalisa, baƙar fata a Ingila kuma suka ga cewa kotu tana iya jin kukansu. Dokar hana wariyar launi ta fari ba ta fito ba sai 1965, masu tarihi kuwa sukan lasafta shari'ar nan cikin matakan da suka kai gare ta.

Mun san akwai 'yan'uwa masu ganin cewa haƙurin Kirista shi ne ya sunkuyar da kai ga kowane zalunci. Muna roƙonsu su sake karanta Ayyukan Manzanni sura 16. An yi wa Bulus da Sila dūka a Filibi ba tare da shari'a ba, aka jefa su kurkuku. Sun yi addu'a, sun raira waƙa, ba su gudu ba ko da ƙofofi suka buɗe, har mai tsaron kurkukun ya ba da gaskiya. Amma da gari ya waye mahukunta suka aiko a sallame su a ɓoye, Bulus bai yarda ba. Ya tuna musu da 'yancinsa na ɗan ƙasar Roma, sai da suka zo da kansu suka ba da haƙuri. Bai nemi ramuwa ba, amma bai bar ƙaramar ikilisiyar da zai bari a garin ta zama abin takawa ba. Mu da muke zaune 'yan kaɗan a garuruwa da yawa, mun san amfanin wannan sura.

A watan Agusta 1945 aka haɗa ƙungiya daga ƙasashen da ke tare da Ingila domin su kara da ita a Lord's. Wanda aka shirya zai shugabance su ya kamu da rashin lafiya, sai aka ba Constantine kyaftin, shi kaɗai ne baƙar fata a cikinsu. Suka ci Ingila. Yana da shekara kusan 44, wannan ne babban wasansa na ƙarshe. Abin mamaki, ƙungiyar ƙasarsa ta West Indies ba ta naɗa baƙar fata kyaftin na dindindin ba sai 1960, sa'ad da aka ba Frank Worrell, bayan James, baƙon nan nasa na Nelson, ya yi ta fama a jarida a kan maganar.

Bayan an ajiye sanda

Da gwiwa ta ƙi, abincinsa ya koma ga alƙalami da murya. Ya riƙa rubuta wa jaridu labarin wasanni, yana sharhi a BBC, yana kuma fitar da littattafan kurket, har da na koya wa yara wasan. Wanda ya tsaya a fili da kansa yana ganin abin da ɗan kallo ba ya gani: dalilin da mai jifa ya canja hannu, inda kyaftin ya yi kuskuren tsai da mutanensa. Wannan ne jarin tsohon ɗan wasa in ya shiga aikin jarida. Amma jarin ba ya amfani sai ga wanda ya iya zama ya tsara magana a takarda, ya kai ta ofis kafin a rufe shafi. 'Yan wasa da yawa suna da na farin, kaɗan ne suke da na biyun.

Yana wannan aiki yana kuma karatun lauya, burin da ya ɗauko tun yana akawu. Karatun bai zo masa da sauƙi ba, gama ya bar aji tun yana ɗan shekara 15 ko 16. Ya yi rajista a 1944, bai gama ba sai 1954, yana da shekara 53. A ganinmu wannan ya fi gudu 103 na filin Lord's wuya. Can awa guda ce, jama'a suna tafi. Nan kuwa shekara 10 ne, shi kaɗai da fitila da littattafai, Norma tana ƙarfafa shi. A wannan shekara kuma ya fitar da Colour Bar, littafin da ya bar zancen wasa ya yi maganar wariyar launi kai tsaye, a Ingila da sauran duniya. Turawan da suka saba karanta shi a shafin wasanni suka karanta wannan ma, domin sun riga sun yarda da shi.

Ya koma Trinidad a ƙarshen 1954, ya shiga siyasa tare da Eric Williams, ya ci zaɓe a 1956, ya zama ministan ayyuka da sadarwa. Siyasar jam'iyya ba ta dace da halinsa ba, zage-zagenta sun dame shi, bai sake tsayawa zaɓe ba. Aka mai da shi Landan jakadan ƙasarsa, Sarauniya kuma ta ba shi lambar Sir a 1962. A 1963 kamfanin motocin haya na birnin Bristol ya ƙi ɗaukar baƙar fata aikin direba da kwandasta, mutane suka ƙaurace wa motocin. Constantine ya je Bristol, ya yi magana a fili. Gwamnatinsa ta ga jakada ya wuce gona da iri, a 1964 ya bar kujerar. Ya sake komawa jarida da rediyo da aikin lauya. Sana'ar da ke hannun mutum ba a tuɓe shi daga ita.

Akwai wurin da labarinsa ya taɓa namu. Da sojoji suka yi juyin mulki ran 15 ga Janairu 1966 suka tafi da Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa, tsohon ɗan Kwalejin Katsina ɗin nan, Constantine yana cikin waɗanda suka yi ƙoƙari a sake shi. Ƙoƙarin bai yi nasara ba, gama an riga an kashe shi.

A shekarunsa na ƙarshe ya zauna a hukumar da aka kafa domin sauraron ƙarar wariyar launi, a 1968 kuma ya shiga cikin masu kula da BBC, gidan da ya daɗe yana yi wa sharhi. Ba kowa ya yaba masa ba. Samari baƙar fata masu zafin jini na lokacin sun ce ya cika sanyi, ya saba da manyan Turawa. Muna ganin akwai ɗan abin dubawa a maganarsu, gama tsufa da rashin lafiya sun rage masa kuzari. Amma waɗansu ƙofofin da suke bugawa da ƙarfi, shi ya fara tura su tun ba a haife su ba.

A 1969 aka naɗa shi ɗan majalisar manya ta Ingila, wadda za mu iya kwatantawa da Majalisar Sarakuna da aka yi a Kaduna. Shi ne mutum na fari daga zuriyar Afirka da ya zauna a cikinta. Bisa ga al'adarsu, wanda aka naɗa yakan haɗa sarautarsa da sunan wuri. Tasa ta ɗauki wuri biyu: Maraval a Trinidad, inda ya yi ƙuruciya, da Nelson, garin masaƙa.

Ciwon ƙirji ya matsa masa, sanyin Ingila kuma yana ƙara shi, har ya yi shirin komawa gida. Bai kai ga tafiyar ba. Ya rasu a Landan ran 1 ga Yuli 1971, yana da shekara 69. Aka kai gawarsa Trinidad, gwamnati ta yi masa jana'izar girma, aka kuma yi sujadar tunawa da shi a babbar majami'ar Westminster ta Landan. Bayan wata biyu Norma ta bi shi.